Yayana a Takarda

Lambarmu ce ta huɗu daga sama.

Na karanta ta sau uku a jikin allon sanarwa, mata suna ture ni ta ko'ina, wata ta rungume ni tana kuka a wuyana.

"Kun fita! Wallahi kun fita!"

Shekara bakwai muna jiran wannan takarda a sansanin 'yan gudun hijira. Duk Litinin in zo in bi lambobi da yatsa, in koma ɗaki in ce wa Inna, "Sai wani satin." Yau ga shi an rubuta: uwa da 'ya'yanta biyu, wata ƙasa ta yarda za ta karɓe su, saura ganawar ƙarshe.

Uwa da 'ya'yanta biyu...

Na waiga. Yana tsaye a bayan taron, hannunsa duk baƙin mai, ya baro keken wani a kife ya biyo ni. Da muka haɗa ido ya yi min murmushi irin wanda ake yi wa mai jinya.

"Barka, ƙanwata," ya ce da ƙarfi don mutane su ji.

"Barkanmu dai, Yaya."

Sai kuka ya ƙwace min. Kowa ya ɗauka na murna ne, na bar su a haka.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa ma'aikacin ofis ba. Mutumin nan ba yayana ba ne, ko dangin nesa ba mu haɗa ba.

Ranar da yaƙi ya shigo garinmu, a ƙofar gida aka kashe Baba. Ni da Inna muka bi ayari a ƙafa. A kwana na huɗu ƙafafunta suka kumbura, ta zauna a gefen hanya ta ce in tafi in bar ta. Mutane suna wucewa, kowa ta kansa yake yi, ban kuma ga laifinsu ba. Shi ne ya tsaya, saurayi dogo siriri, ba kaya ba kowa. Bai tambayi ko su wane ne mu ba, ya durƙusa ya ce, "Inna, hau." Kwana biyu yana goye da ita.

A bakin iyaka aka raba layi. Masu iyali a dama, samari marasa kowa a hagu. Na hagu ana loda su a wata babbar mota, ana raɗe-raɗin mayar da su za a yi, wai ba a yarda da su ba. Inna ta kalli motar, ta kalle shi. Da mai rajista ya tambaya mu nawa ne, ta ɗaga yatsu uku.

"Wannan fa?"

"Ɗana ne, shi ne babba."

Aka rubuta masa sabon suna haɗe da sunan Baba, aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, aka ba mu kati ɗaya da ɗaki ɗaya. Bai kwana cikinsa ko sau ɗaya ba. Ya kafa rumfa a jikin bangonmu, can yake gyaran kekuna, can yake shimfiɗa tabarmarsa.

Kada ku tambaye ni ranar da na fara son sa, ban sani ba. Ina shekara sha takwas muka zo. Shi ke bin layin famfo, shi ke bin layin maganin Inna, shi ya haɗa min tsohon keken ɗinki daga ɓaraguzan guda uku har na zama telar layinmu. Wata rana na ɗaga kai kawai na ga idan ya fita ɗakin ya yi min girma.

Da yammar ranar da lambarmu ta fito na kai masa ruwa rumfa. Yana zaune yana kankare tsatsa a jikin wani kaca da ba ya bukatar kankarewa.

"Me ya sa kika yi kuka a gaban mutane, hasken idona?"

"Ka sani."

"Na sani. Amma ina so in ji muryarki."

"Idan muka je can a matsayin wa da ƙanwa, a haka za mu mutu. Ba wanda zai ɗaura mana aure. Takardar nan har kabari za ta bi mu."

"Idan kuma muka faɗi gaskiya, su rufe fayil ɗin gaba ɗaya. Inna fa?"

Ƙodar Inna ta lalace tun bara. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku take bukata a sati, asibitin da ake kai mu ɗaya yake iya ba ta, shi ma idan injin bai tsaya ba. Don ciwonta ne ma aka ɗauko fayil ɗinmu daga ƙasan tari.

"To me za mu yi?" na ce.

"Mu kai Inna tukuna."

"Sannan?"

"Sannan in riƙa ganinki kullum. Wani ma ganin bai samu ba."

"Shi ke nan? In tsufa kana kallona?"

"A'a, ina da aiki. Duk wanda ya zo neman auren ƙanwata in ce ba shi da tarbiyya, in kore shi."

Na yi dariya, hawaye yana shiga bakina. Halinsa ke nan, ko gini ya faɗo masa sai ya yaba bulon.

"Yaya, ba wasa nake yi ba. Ina son ka, na gaji da ɓoyewa kamar na yi sata."

Ya ajiye kacan.

"Ni ma na gaji, rabin raina. Amma gajiyarmu ba ta kashe mutum. Tata tana kashewa."

Washegari na kasa haƙuri. Ina matsa wa Inna ƙafa na ce ko za mu je ofis mu yi musu bayani da kanmu, wataƙila su tausaya. Ban san Kawu yana bakin ƙofa ba. Ƙanin Inna ne, ya iso sansanin shekara biyu bayanmu, shi kaɗai ya san sirrin. Tasa takardar an ƙi ta sau biyu, tun daga nan ya zama masanin doka, har masu shara yake yi wa fatawa.

Ya shigo ya turo ƙofa.

"Maimaita abin da kika ce."

"Kawu, cewa na yi..."

"Na ji. Su tausaya? Ke kin taɓa ganin takarda ta yi kuka? Iyalin da ke layi na tara, shekarar haihuwar yaro ɗaya suka canza, yau shekara biyar ko ƙofar ofis ba a barinsu. Ke kuma za ki je ki ce mutum sukutum kuka ƙara."

"Son sa nake yi, Kawu."

"Ki haɗiye. Uwarki za ki binne saboda mai facin taya?"

"Kai dai bar shi haka," in ji Inna a hankali. "Mai facin tayan nan shi ya goyo ni lokacin da ba ka nan."

Kawu ya yi tsaki ya fita. Na ɗauka ta goyi bayana ke nan, sai ta kamo hannuna.

"Ni na ƙulla wannan ƙulli, 'yar nan, kuma na san abin da ke tsakaninku tun kafin ku sani. Da don ni ce, da na ce ku je ku faɗa, ni na ci zamanina. Amma in aka rufe fayil, ke ma a nan za ki tsufa, shi ma haka, 'ya'yanku su tashi suna bin layin famfo. Ban yarda ba. Ki kira shi Yaya, ki daure."

Na ce to. Ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai ranar.

Akwai wata mai kitso da ɗakinta ke kallon namu. Bazawara ce, kyakkyawa, bakinta ba ya hutawa. Shekara biyu tana son Yaya, duk layin an sani. Kekenta kullum a lalace yake, har na fara zargin da kanta take sace iskar tayar. Ni kuwa lallashina take yi, tana kirana ƙanwar miji, ina yaƙe ina haɗiye kishi.

Ana saura kwana takwas ganawa ta ce in zo ta gyara min kai kyauta. Ɗakinta ya cika da masu jira, sai ta ce mu koma namu. Na zauna a tabarma, na cire ɗankwali, ta tsefe gashin ta baza shi a kafaɗata.

"Ƙanwar miji, za ku tafi ku bar ni da wa? Ki sa baki mana, ko alkawari ne ya yi min."

"Ai kin san Yaya da taurin kai."

Sai aka ɗaga labule. Shi ne, ya zo ɗaukar katin asibitin Inna.

Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya yi aikinsa, na fizgo mayafi na rufe kaina ruf. Shi ma ya kau da fuska ya ja da baya da sauri.

"Afuwan, ban san... afuwan."

Labulen ya faɗi. Na ji hannun mai kitso ya tsaya a kaina.

Shekara bakwai muna kiyaye bakinmu, muna kiyaye idonmu. Ba mu taɓa tunanin kunya ce za ta tona mu ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ni dai yayana ko wanka na fito ba ya ba ni haƙuri."

"Haka aka tarbiyyantar da mu."

"Uhm. Tarbiyya mai kyau."

Ta gama kitson, ta ja shi da ƙarfi har sai da idona ya kawo ruwa.

Bayan kwana uku aka aiko mana da takarda. An jefa wasiƙa marar suna a akwatin ƙorafi, cewa namijin da ke katinmu ba ɗan gidan ba ne. An dakatar da tafiya. Ranar Alhamis za a yi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗebi jininmu a gwada.

Kawu ya ɗora hannu a ka. Inna ta juya fuska bango. Yaya ya karanta takardar, ya ninke ta, ya ce, "Allah yana nan." Na bi shi rumfa ya ce aiki ya yi masa yawa.

Ranar Alhamis na tashi ban gan shi ba. Na tura Inna a keken guragu har ofis, na ajiye ta a inuwar baranda. Ni aka fara kira.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka tana juyi tana ƙara. Jami'ar mace ce mai furfura da tabarau, tafinta yana gefenta. Ta turo min hoton Yaya.

"Mene ne wannan a wurinki?"

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye biro.

"Ban rubuta wannan ba. Zan karanta miki wani abu, sannan in sake tambayarki."

Ta jawo takarda mai shafi biyu. Tun kafin a fara na hango sa hannunsa a ƙasa.

Ashe tun jiya ya zo da ƙafarsa. Ya ce a bakin iyaka ya tarar da tsohuwa zazzaɓi ya gusar mata da hankali, 'yarta ta tafi neman ruwa, sai ya shiga layinsu ya ce wa mai rajista shi ɗanta ne. Ya ce da suka gane, ya tsorata su, ya ce duk ranar da suka buɗe baki tare za a kore su. Ya ce shekara bakwai yana cin abincin katinsu suna tsoronsa. Ya ce ba su da laifi.

Tafinta yana karantawa da murya ɗaya, kamar mai karanta sunayen magani. Ni kuwa bayan rigar Yaya nake gani a raina, ranar gudu, jiƙe da gumi, Inna tana kwance a kai.

"Ƙarya..." na fara.

Jami'ar ta ɗaga hannu.

"Ki saurare ni kafin ki ƙarasa. Idan abin da ya faɗa haka ne, ku an zalunce ku, za a cire shi, ke da mahaifiyarki ku tafi. Idan kuma mahaifiyarki da saninta ta sa shi a kati, ba ni da ikon komai, fayil ɗin duka za a rufe. Abin da kika faɗa shi zan rubuta."

"Shi kuma fa?"

"Za a karɓe katinsa, ya bar sansanin. Ba zai sake neman mafaka ta hannunmu ba."

"Ina zai je? Ba shi da kowa."

Ta cire tabarau ta goge, na ga ita ma ba daɗi take ji ba, amma rashin jin daɗinta ba zai saya min komai ba.

Ta taga ina hango Inna. Ta sunkuyar da kai, ƙafafunta sun fi ƙarfin silifas ɗinta, tana jan numfashi da baki.

"Ina sake tambayarki. Ya tsorata ku?"

Na gyaɗa kai.

"Sai kin faɗa da baki."

"Eh."

"Kuna tsoronsa?"

"Eh... muna tsoronsa."

Aka miƙo min biro na sa hannu. Mutumin da ya fi kowa alheri a rayuwata, ni na shaida a rubuce cewa azzalumi ne. Na tsani kaina a ranar, kuma har yau ban gama yafe wa hannun nan ba.

Da aka shigar da Inna, tambaya ɗaya suka yi mata, ta ce ba ta tuna komai na ranar iyaka. Hawaye yana zuba, suka ɗauka na tsoro ne.

Kwana uku aka ba Yaya ya bar sansanin. Mai kitso ta zo ƙofarmu ido jawur.

"Wallahi ban san korarsa za a yi ba. Na ɗauka cire shi kawai za su yi, ku tafi, shi ya zauna..."

"Ya zauna ya aure ki?"

Ta sunkuyar da kai. Na so in zage ta, na duba cikina ban sami ƙarfin ba. Na saki labule kawai.

Ranar da zai tafi ya shigo ya durƙusa a gaban Inna. Ta dafa kansa da hannu biyu.

"Na ce kai ɗana ne, ban kuma janye ba. Su ne suka janye."

"Na sani, Inna. Ki sha magani a kan lokaci, kada ki riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin filo, na faɗa wa 'yarki wurin."

Ta yi dariya tana kuka. Kawu, da ke tsaye a waje, ya miƙa masa hannu, ya kasa haɗa ido da shi.

Na same shi a rumfa yana ɗaure kayan aiki a buhu.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da kin hana ni."

"Ka san abin da na sa wa hannu?"

"Ni na rubuta miki shi, abar ƙaunata. Da ba ki sa ba, da wahalata ta tashi a banza."

"To yanzu ai kai ba yayana ba ne. Ko a takarda ba kai ba ne. Mu je a ɗaura mana aure yau, in na isa can in nemo ka."

Ya ajiye buhun.

"Kin ga abin dariya? Yau ne karon farko da takarda ta halatta min ke. Amma in kika aure ni, gobe su ce haɗin baki ne. Wa ke auren wanda take tsoro? Su dawo da ku daga bakin jirgi."

"To in kira ka a waya..."

"A'a. Kada ki kira, kada ki aiko, in kin gan ni a hanya kada ki gaishe ni. Akwai idanu, kin gani da kanki. Har can ma fayil ɗin yana biye da ku."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ta ofis ta ishe ni."

Na durƙushe a ƙasa ina kuka kamar raina zai fita. Bai taɓa ni ba, bai taɓa yi ba. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ki kira ni da sunana na yanka, sau ɗaya. Shekara bakwai ban ji shi a bakin kowa ba."

Na kira shi. Ya rufe ido, ya ce, "Na gode." Ya saɓa buhunsa ya fita ta babbar ƙofa, masu gadi suka karɓi katin suka huda shi.

Bayan sati biyar motar ofis ta zo ɗaukarmu zuwa filin jirgi. Inna tana jikin taga, ni a tsakiya, ma'aikaciyar rakiya a gefena da fayil ɗinmu a cinyarta.

Mun fita sansanin da kaɗan, a mahaɗar da manyan motoci ke tsayawa, na gan shi. Ya kafa buhu biyu a kan sanduna ya yi inuwa, keke a kife a gabansa. Ya rame, rigar da na ɗinka masa ta yi masa yawa. Ashe bai yi nisa ba. Nan ya zauna, a kan hanya ɗaya tilo da motar ofis ke bi.

Cunkoso ya tsayar da mu daidai gabansa.

Ya ɗago. Ya ga Inna, ya gan ni, ya ga matar da ke gefena.

Inna ta ɗora tafin hannunta a jikin gilashi.

"Kin san shi ne, Mama?" in ji ma'aikaciyar.

"Jiri take ji," na ce. Na kamo hannun Inna na sauke shi, na riƙe shi gam a cinyata.

Ya ga abin da na yi. Ya gyaɗa kai kaɗan, irin na wanda aka yi wa daidai, sannan ya juya mana baya ya kama juya tayar keken, don kada in kasa daurewa.

Motar gaba ta matsa, tamu ta bi. Ban ɗaga masa hannu ba, ban waiga ba. Ma'aikaciyar ta miƙo min ruwa ta ce in saki raina, wahala ta ƙare.

Na karɓa na ce mata na gode.